CUTAR DA KAN BIYO BAYAN CUTA: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana rikita mutanen karkara, har yana jawo zargi tsakaninsu da ma'aikatan asibiti. Manomi ne kububuwa ta sare shi a gona, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibiti, aka yi masa allurar maganin dafi, jini ya tsaya, ya koma gida da ƙafarsa. Bayan kwana bakwai ko goma sai ga zazzaɓi, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, gaɓoɓi na ciwo. 'Yan'uwansa su ce dafin ne ya dawo, maƙwabta su ce allurar ce ba ta da kyau. Ko kuwa yaro ne ƙazwa ta kama shi, ya sosa har ta yi ruwa, ta zo ta bushe, kowa ya manta da ita. Bayan wata guda ya wayi gari fuska a kumbure, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Nan kuma sai a ce sammu ne, ko iska.

Ba dafi ba ne ya dawo, ba kuwa sammu ba ne. Waɗannan abubuwa biyu, da waɗansu da za a ambata, tushensu ɗaya, kuma likitoci sun san shi. Dalilin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne, irin wannan magana gaban Hakimi ta kan fara zuwa, ko gaban Dagaci, tun ba ta kai kunnen likita ba. Abin da Hakimi ya faɗa a zaurensa ran nan, shi zai sa mutum na gaba da maciji ya sara ya tafi asibiti ko ya ƙi.

YADDA JIKI KE KAMA BAƘO

Duk abin da ya shiga jikin mutum wanda ba nasa ba ne, ko ƙwayar cuta, ko dafi, ko ruwan jinin wata dabba, yana ɗauke da wata shaida a jikinsa wadda ta bambanta shi da naman mai jikin. Likitoci na kiran wannan shaida antijin. Da jiki ya ga baƙuwar shaida, sai waɗansu fararen ƙwayoyin jini da ke zaune cikin saifa, da wuraren da kaluluwa kan fito, su shiga ƙera wani sinadari wanda ya dace da ita daidai, kamar yadda mabuɗi ya ke dacewa da kwaɗonsa. Shi ne antibodi. A cikin wannan takarda za a riƙa ce masa dogari, domin aikinsa ke nan, ya kama baƙo ya riƙe. Dogarin da aka ƙera domin ƙyanda ba ya kama sanƙarau, na sanƙarau kuma ba ya kama dafin maciji.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da shi. Na farko, ƙera shi na cin lokaci. In jiki bai taɓa gamuwa da wannan baƙo ba, sai an yi mako guda ko kwana goma kafin dogarai su yi yawa cikin jini. Na biyu kuwa siffarsa. Dogarin da ya fi yawa cikin jini kamar gwafa ya ke, hannu biyu gare shi, akwai kuma wani babba mai hannu goma. Saboda haka dogari ɗaya na iya riƙe baƙi biyu, baƙo ɗaya kuma dogarai da dama na iya riƙe shi, sai su sarƙe da juna kamar koma ta masunta. Wannan sarƙaƙƙen abu na dogarai da baƙi shi ne za a kira ƙulli. Kada a rikita shi da gudan jini wanda a ke gani a bakin rauni. Ƙulli ya fi ƙarfin ido, ko da madubin likita ma sai an yi masa rini na musamman. Amma duk wanda aka taɓa ɗiga jininsa a kan ɗan allon nan na gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga aikinsa, gama layin da ke fitowa a kan allon, tarin ƙulli ne mai launi, na dogaran da aka shafa a wurin da shaidar ƙwayar zazzaɓi.

To, ƙulli ba cuta ba ne a kan kansa. Kullum jikin mai lafiya yana yin sa, yana kuma share shi ba tare da mai jikin ya sani ba. Akwai waɗansu sinadarai cikin jini, sun kai talatin, galibinsu hanta ke yin su, waɗanda a ke kira kwamfilimen, watau mataimaka. Da ƙulli ya samu sai su liƙe masa, su hana shi girma fiye da kima, su kuma sa masa alama. Jajayen ƙwayoyin jini na da wurin da wannan alama ke maƙalewa, sai su ɗauki ƙullin kamar jakin kaya su kai shi hanta da saifa. Can akwai waɗansu manyan ƙwayoyi masu haɗiya, su sauke kayan su cinye, jar ƙwaya ta wuce abinta. In abin ya tafi haka, shi ke nan, magana ta ƙare.

INDA ABIN KE ƁACI

Ɓarna na zuwa ne sa'ad da baƙi suka rinjayi dogarai da yawa. A nan ba a samun babban ƙulli wanda masu haɗiya ke gani da sauri, sai ƙanana da matsakaita, masu yawan gaske, suna ta yawo cikin jini kwana da kwanaki. Haka kuma in baƙon ya ƙi ƙarewa, kamar ƙwayar cutar da ta zauna a jiki shekara da shekaru, sai jakunan kaya su gaji, hanta da saifa su kasa. Daga nan ƙulli sai ya nemi wurin kwanciya, kuma ba ko'ina ya ke kwanciya ba, sai inda jini ke tacewa ta cikin siraran jijiyoyi: ƙoda, da gaɓoɓi, da fata, wani lokaci da ido.

Ƙoda ita ta fi shan wahala, kuma dalilin a fili ya ke. Kowace ƙoda na da ƙananan matatai wajen miliyan guda. A yini da kwana, ruwan da ƙoda biyu ke tacewa daga jinin baligi ya kai lita 180, watau kimanin garwa goma, sa'an nan su mai da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Rariyar da a ke tankaɗe da ita haka ba dare ba rana, ko tsaki kaɗan ne cikin garin, tilas ya taru a kanta. Wani lokaci ma shaidar baƙon ce ke fara maƙalewa a matacin, dogari ya biyo ta, a ƙulla ƙullin nan take a wurin.

Ba toshewa kaɗai ke yin ɓarnar ba. Da ƙulli ya kwanta, mataimakan nan sai su yi kururuwa, watau su saki waɗansu sinadarai masu kiran fararen ƙwayoyin jini na yaƙi. Su kuwa in sun iso, aikinsu su haɗiye abin da aka nuna musu. Amma ƙullin ya liƙe a bangon jijiya, ba ya haɗiyuwa. Sai su amayar da gubar da ke cikinsu a kansa, gubar ta ci bangon jijiyar tare da shi. Misalinsa kamar dogarai ne suka bi ɓarawo har cikin rumbun talaka, suka kasa fito da shi, suka cinna wa rumbun wuta. Garin neman gira an rasa ido. Wannan ƙuna ita ce kumburi da zafi da jan da a ke gani a fata da gaɓa, ita ce kuma ke huda matacin ƙoda har jini da furotin su zubo cikin fitsari.

Wanda ya gane wannan ya gane abin da ya sa cutar ke jinkiri. Ba ta iya tashi sai dogarai sun yi yawa, su kuwa sai sun sami kwanakinsu. Shi ya sa ta kan zo daidai lokacin da a ke murna majiyyaci ya sami sauƙi.

An daɗe kafin a gane haka. A 1890, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta jure wa gubar wata cuta yana kare wata dabbar. Ba a jima ba aka shiga yi wa yara masu mashaƙo allurar ruwan jinin doki, aka ceci rayuka masu yawa. A 1903 wani Bafaranshe, Maurice Arthus, ya lura in an yi ta maimaita wa zomo allurar ruwan jinin doki a ƙarƙashin fata, daga baya wurin ya kan kumbura har ya ruɓe. A 1905 kuma likitocin yara biyu a Biyana ta ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet da Bela Schick, suka bayyana zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓin da kan kama waɗansu yara kwana 8 zuwa 12 bayan allurar, suka ce dogaran yaron ne ke faɗa da jinin dokin. Ba a tabbatar da maganarsu sosai ba sai cikin shekarun 1950, sa'ad da Frederick Germuth da Frank Dixon a Amurka suka bi sawun baƙon furotin cikin jinin zomaye, suka ga ciwon ƙoda na tashi daidai lokacin da ƙulli ya cika jini.

ALLURAR MACIJI

Maganin dafin maciji dogarai ne da aka ciro daga jinin doki ko tunkiya, waɗanda aka saba musu da dafin kaɗan kaɗan. In an ɗura wa wanda aka sara, su kama dafin nan da nan, ba sai an jira jikinsa ya ƙera nasa ba, gama kububuwa ba ta ba da wannan lokaci. Ba banza a ke ce mata gobe-da-nisa ba. Cikin mutum goma da ta sara ba a yi musu allura ba, ɗaya ko biyu kan mutu da zubar jini. Amma dogarin doki baƙo ne a jikin ɗan Adam. Bayan ya gama aikinsa, ragowarsa na nan cikin jini, jiki kuwa ya ƙera nasa dogaran a kansa, ƙulli ya samu. Sai zazzaɓi, da borin jini, da kaluluwa, da ciwon gaɓoɓi, galibi wajen mako guda bayan allurar, wani lokaci har mako biyu.

Ba kowa ke yin wannan ba, kuma yanzu da a ke tace maganin sosai ya ragu bisa ga zamanin Pirquet. Wanda ya yi, ya koma asibitin da aka yi masa allurar. Akwai ƙwayoyin da a ke bayarwa na kwana biyar ko makamancin haka, kuma da baƙon ya ƙare cikin jini ciwon ya kan wuce bai bar kome ba. Wannan dabam ya ke da wani firgicin da kan auku cikin sa'o'in farko na allurar, inda numfashi ke sarƙewa. Shi wannan a gaban ma'aikata ya ke faruwa, kuma da maganinsa a hannunsu. Hakiman ƙasashen da kububuwa ta yi yawa, kamar Kaltungo da kwarin Binuwai, su suka fi bukatar su san wannan bambanci. Haka nan allurar mashaƙo ta masu kwance, wadda aka yi ta amfani da ita a Kano cikin annobar 2023, daga jinin doki ta ke, kuma ta kan jawo irin wannan. Allurar riga-kafi da a ke yi wa jarirai kuwa babu jinin doki a cikinta ko kaɗan, kada a bari masu jita-jita su gama su.

ƘAZWA DA ƘODA

Wannan shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin ya fi yawa, kuma an fi rena mafarinsa. Ƙazwa wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke haƙa rami cikin fata. Ita kanta ba ta taɓa ƙoda. Amma susa na buɗe fata, sai wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ta shiga, ƙurajen su yi mugunya da ɓawo. Irin ƙwayar nan ce kuma ke kawo wani ciwon maƙogwaro. Waɗansu jinsunanta na da shaidar da ke son matacin ƙoda. Bayan ciwon maƙogwaro da kamar kwana goma, ko bayan ƙurajen fata da mako uku zuwa shida, sai ƙoda ta kumbura. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun bi wannan al'amari a Zariya, suka buga abin da suka gani a 1973, inda suka nuna yadda ƙazwa da ƙuraje masu mugunya da ciwon ƙoda ke tafiya tare ga yaran ƙasar.

Alamunsa ba su da wuyar ganewa ga wanda aka gaya wa. Fatar ido ta kumbura, musamman da safe, sa'an nan ƙafafu. Fitsari ya ragu ƙwarai, ya yi duhu. Ruwa da gishiri su taru a jiki, jini ya hau, yaro ya yi ta kukan ciwon kai, in abin ya yi tsanani ya yi jijjiga ko numfashi ya gagare shi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ke kisa, kuma dukkansu asibiti na iya tare su. In an tsare yaro cikin makon farko da na biyu, fiye da tara cikin goma su kan warke sarai, gama ƙullin na narkewa da kansa. Manya ba su cika samun sauƙi haka ba.

Abin takaici shi ne, abin da a kan yi a gida domin taimako shi ke ƙara wutar. Yaron da fitsarinsa ya tsaya sai a dama masa kunun kanwa, ko a ɗura masa jiƙo kwarya guda wai ya wanke ciki. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ƙodar da ta kasa fid da ruwa kuwa ba a ƙara mata ruwa da gishiri. A hana shi kanwa da gishiri da dunƙulen miya, a kai shi asibiti ran nan. Sa'an nan a waiwayi inda ya fito. Ƙazwa ba ta kama mutum ɗaya a gida, kuma inda yara ke kwana da yawa a ɗaki guda, kamar makarantun allo da na kwana, can ta fi yaɗuwa. Maganinta na shafawa da na sha yana nan, amma sai an yi wa 'yan ɗakin duka rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗu an shanya a rana, in ba haka ba ta dawo. Malamin makaranta ya fi jin wannan daga bakin Hakimi bisa ga bakin ma'aikacin lafiya.

Akwai wani kumburin kuma na yara wanda ya fi wannan muni, mai tafiya a hankali, ciki da ƙafafu su cika da ruwa, fitsari na kumfa. A 1930 wani likita, George Giglioli, ya danganta shi da wani jinsin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Gayana, wanda ke tashi yau, ya huta kwana biyu, ya sake tashi. A 1963 Gilles da Hendrickse suka ga haka ga yara a Ibadan, daga baya kuma aka sami ƙulli a matatan ƙodarsu. Wannan jinsi na iya zama cikin jini shekaru ba ya tashin hankali, shi ya sa ƙullin ba ya yankewa, kuma in ƙoda ta riga ta lalace maganin zazzaɓi ba ya mai da ita. Likitoci ba su cika ganinsa yanzu kamar dā ba. Ciwon hanta mai lamba B, in ya zauna a jiki, shi ma ya kan taɓa ƙoda ta wannan hanya.

SANƘARAU DA KUTURTA

A Zariya ɗin dai, likitoci suka lura da masu sanƙarau 717, suka ga 53 daga cikinsu sun yi wani sabon ciwo bayan magani ya fara kama su, kwana 6 zuwa 9 da soma rashin lafiya. Mutum 47 gaɓoɓinsu ne suka kumbura, waɗansu kuwa ƙuraje a fata ko jan ido. An buga wannan ma a 1973. Ƙwayoyin cutar sun mutu, gawarwakinsu ne dogarai ke kamawa. Saboda haka in wanda ya tashi daga sanƙarau ya kwana biyu gwiwarsa ta kumbura, ba lalle ba ne cutar ce ta dawo, amma likita ne kaɗai zai iya rabewa, a mai da shi.

Na kuturta ya fi ban tausayi. Mai kuturta irin wadda ƙwayoyinta suka yi yawa a jiki, in ya fara shan magani, ƙwayoyin su yi ta mutuwa, shaidarsu ta cika fata da jijiyoyi. Sai waɗansu jajayen kurajen masu zafi su fito masa a hannuwa da cinyoyi da fuska, da zazzaɓi, jijiyoyi na zogi, wani lokaci har ido. A 1969 aka nuna akwai ƙulli a cikin irin waɗannan kuraje, ko da ya ke an gane daga baya ba shi kaɗai ke aikin ba. Majiyyaci ya ga ya fi dā wahala, sai ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya jefar. Nan ne asarar ta ke. Maganin kuturta na haɗin ƙwayoyi uku, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1981, a ke kuma bayarwa kyauta tun 1995, wata shida ne ko goma sha biyu, kuma yana warkarwa in an cika shi. Wanda kurajen nan suka fito wa, ba a tsai da maganinsa, ƙara masa wani a ke yi mai kwantar da kumburi, da gaggawa kuwa, gama jijiyar da ta ƙone ita ke kawo mutuwar yatsu. Dagacin da ya ji wani ya bar karɓar maganinsa, ya bincika ko wannan ne dalili.

ABIN DA MALAMI ZAI RUBUTA

Duk waɗannan ciwace-ciwace da lissafin kwanaki a ke gane su, mutanen ƙauye kuwa ba su cika riƙe kwanan wata ba, kuma ba su ganin dangantakar ƙurjin da ya warke da kumburin yau, balle su faɗa wa likita. A nan alƙalamin Malamin Hakimi ke da amfani. In za a aika da irin wannan majiyyaci asibiti, a haɗa shi da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa da ƙauyensa, da ranar da kumburi ko zazzaɓin ya fara, da abin da ya same shi cikin wata biyu da suka wuce: saran maciji ne, ko ƙazwa, ko ciwon maƙogwaro, ko sanƙarau. In an yi masa allura, a rubuta ranar da wurin, a kuma faɗi abin da aka ba shi a gida, ko kanwa ko jiƙo, ba tare da an tsawata wa iyayensa ba, don kada na gaba su ɓoye. Wanda ya taɓa yin ciwo bayan allurar maciji ya faɗa wa ma'aikata in an sake saransa. Ba za a hana shi allurar ba, shiri za a yi kafin a ɗura. In kuwa yara biyu ko uku suka kumbura a unguwa ɗaya ko makaranta ɗaya cikin wata guda, Hakimi ya sanar da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce, a aiko a duba fatar sauran yaran da fitsarinsu.